Bindigar da ke Gane Mai Gaskiya

Shekarun da na yi ina karatun injiniya a jihar Michigan ta Amurka, daga 1993 zuwa 2000, sun faɗo daidai lokacin da ƙasar ta ɗauki zafi a kan maganar bindiga. A cikinsu Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar Brady, aka haramta sayar da wasu bindigogi masu ƙirar na soja har shekara goma, aka tayar da bam a Oklahoma, aka yi kisan makarantar Columbine. 'Yan majalisa na cacar baki, jaridu na yi, talabijin ba ta da wani zance. Ni kuwa inda na sha wannan musu har ya ishe ni, wani ɗan ɗaki ne a bayan kantin tsofaffin littattafai, cikin mutanen da ba abin da ya tara su sai son ƙagaggun labaran kimiyya, irin na jiragen da ke zuwa taurari da mutum-mutumi mai tunani da duniyar da za a yi bayan shekara dubu.

Son irin waɗannan labarai daga gida na tafi da shi. Littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, na 1969, shi ya fara nuna wa irinmu cewa da Hausa ma ana iya ɗaukar yaro a kai shi sararin samaniya. Daga nan sai sinima, Plaza da Orion da Marhaba, sai zamanin kaset ɗin bidiyo, inda mu yaran unguwa mukan cika falon duk maƙwabcin da Allah ya hore wa. A nan muka ga Terminator na 1984. Akwai wurin da mutum-mutumin nan ya shiga wani kanti a Los Angeles yana nuna bindigogi, mai kanti na sauko masa da su kamar mai warware yadi a Kantin Kwari. Ya gaya masa ƙananan sai ya jira kwana 15, dogayen kuwa yau ma sai ya tafi da abinsa. Bai jira komai ba, ya ɗura harsashi ya harbe mai kantin. Mu dai a wurinmu, da mutum-mutumin da kantin duk ƙirar masu fim ce. Wa zai sayar da bindiga a kanti?

Ga wanda ya tashi a Kano a wancan zamani, tambayar tana kan hanya. Bindiga ta soja ce da ɗan sanda, sai 'yan bindigar sarki da ke cika gari da ƙara da hayaƙi ranar hawan salla, sai kuma mafarauta. Baffana na da tasa, bindigar toka, irin wadda ake kira harba-ka-ruga. Kafin ta tashi sau ɗaya sai ya tsayar da ita a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma ya danna da wani siririn ƙarfe, ya zuba gutsattsarin dalma, ya sake tura tsumma ya danna. Duk fushin da mutum ya kwaso, kafin ya gama wannan hidima rabinsa ya huce. Takardar lasisinta na naɗe cikin wani tsohon gwangwanin Bournvita a ƙarƙashin gadonsa, ita kuma tana rataye can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. In ya ga ɗayanmu ya ƙura mata ido sai ya ce, “Kai ɗan nan, wannan ba ta san ɗan gida ba.”

Da na isa Michigan, gani ya kori ji. A manyan kantuna irin su Kmart, kana wuce wurin ƙugiyoyin kamun kifi sai ga bindigogin farauta jere, ga kwalayen harsashi da farashi manne a jiki. Ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga a jihar. Ɗaruruwan dubban mutane kan sa riguna ruwan lemo su shiga daji, da yamma ka ga motoci na dawowa da barewa ɗaure a baya. Ga waɗannan mutane bindiga gado ce, kaka ya bar wa uba, uba ya bar wa ɗa, ga kuma gyara na biyu na tsarin mulkinsu, na 1791, da suke tinƙaho da shi. Amma Detroit na nan kusa, inda a 1993 kaɗai aka kashe mutum sama da 500, yawanci da bindiga.

Duk daren Alhamis muke haɗuwa a ɗan ɗakin nan na bayan kantin littattafai, kuma ginshiƙan wurin biyu ne. Akwai wani dattijo da ya yi yaƙin Vietnam, ya dawo ya ƙare aikinsa a masana'antar motoci, ɗan ƙungiyar NRA mai kare haƙƙin mallakar bindiga. Akwai kuma wata nas baƙar fata da ke aiki a sashen gaggawa na wani asibiti a Detroit, wadda takan zo wani lokaci ko kayan aiki ba ta cire ba. Tun kafin in zo suke musunsu, ba su taɓa rabuwa baram-baram ba, ba su kuma taɓa daidaitawa ba. In dattijo zai kare bindiga, sai ya miƙa hannu kan kanta ya zaro littafi. In nas za ta rusa shi, ita ma fim za ta ambata ko littafi. Duniyoyin da ba a taɓa yi ba su ne shaidunsu.

Farkon zuwana ya dace da fitowar Demolition Man, a Oktoban 1993, ana saura 'yan makonni a sa hannu a dokar Brady, wadda ta ce mai sayen ƙaramar bindiga ya jira kwana biyar a binciki tarihinsa. Fim ɗin ya nuna wani birni a shekarar 2032 da ya rabu da tashin hankali har 'yan sandansa sun manta yadda ake kama mugu. Bindiga ba ta ko'ina sai gidan tarihi. Sai wani ƙasurgumin mai laifi da aka daskarar tun ƙarnin baya ya kuɓuta, ya nufi gidan tarihin ya kwashi makamai, aka rasa mai iyawa da shi sai Sylvester Stallone. Dattijo ya ce ga ƙarshen hanyar da dokar Brady ta ɗauko. Nas ta yi dariya ta ce, “Wane gidan tarihi ne ke ajiye bindiga da harsashinta? Mai rubuta fim ɗin ne ya ɗura masa ita, don in bai ɗura ba babu fim.”

Littafin da dattijon ya fi ji da shi shi ne The Weapon Shops of Isher na A. E. van Vogt, haifaffen Kanada, wanda ya fito a 1951, ko da yake ƙashin bayan labarin tun 1942 ya fito a mujallar Astounding. Ya ara mini nasa. Takardun sun yi ja-ja, bangon an liƙe shi da salatif, kuma akwai jimla guda da ya ja wa layi da jan biro har takardar ta kusa hujewa, wato taken kantunan, wanda ya ɗaura 'yancin ɗan Adam a kan ikon sayen makami. Labarin na wata daula ce ta dubban shekaru nan gaba, ƙarƙashin wata sarauniya mai cikakken iko. Aka wayi gari kantin makamai ya tsiro a ƙauyen wani mai gyaran injuna, Fara Clark, mutumin da ke ƙaunar sarauniya, yake ganin kantin abin kunya ne ga garinsu. Ƙofar kantin ba ta buɗuwa ga soja ko ɗan sanda. Bindigoginsa kuwa don kare kai kaɗai suke tashi, in ka ɗaga da niyyar zalunci ko ka ja kunama ba abin da zai fito. Sai banki da wani babban kamfani suka haɗa baki suka raba Fara da shagonsa da duk abin da ya tara, kotun sarauniya ta goya musu baya. Da duniya ta yi masa zafi ya koma kantin da ya tsana, don ya sayi bindigar da zai kashe kansa.

Da na mayar da littafin, dattijo ya ce, “To samari, ka gani ko?” Na ce na gani, amma abu biyu sun tsaya mini. Na ɗaya, kafin van Vogt ya yarda ya sa bindiga a hannun kowa sai da ya fara sa mata hankali da imani, ya yi wa kantin ƙofa mai karanta zuciya, ya kuma ɓoye wani mutum da ba ya mutuwa a baya yana lura da komai. Wanda ya yi wannan tanadi duka ya san abin da Baffana ya sani. Na biyu, Fara Clark bai harbi kowa ba. Masu kantin sun tura shi wata kotu tasu ta ɓoye, wadda ta duba ƙararsa nan take, ta ci bankin da kamfanin tara, ta mayar masa da kuɗinsa har da ƙari. Bindigar gadin ƙofa kawai ta yi bayan an gama shari'a. Littafin da ake ɗagawa don kare bindiga, in ka bi shi har ƙarshe, kukan rashin kotun adalci yake yi. Nas ta ƙara da nata. Ta ce a 1993 mutum sama da 39,000 bindiga ta kashe a Amurka, kusan rabinsu su suka harbe kansu. Irin su Fara tana ganinsu a kan gadon asibiti, sai dai su ba kantin da ya tsaya ya tambaye su me ke damunsu.

Ɗaya gwanin dattijon shi ne Robert Heinlein. A littafinsa Beyond This Horizon, wanda shi ma a 1942 ya fara fitowa a mujalla, aka samo maganar nan da masu son bindiga ke liƙawa a bayan motocinsu, mai nufin inda kowa ke rataye da makami kowa na iya bakinsa. Nas ta sa muka karanta littafin tare. Tun a farkonsa, ƙafar ƙaguwa ta suɓuce wa wani a gidan cin abinci ta faɗa teburin wasu, magana ta yi tsawo, aka ƙare da harbi. Wanda ba ya son ɗaukar bindiga a wannan duniya sai ya ɗaura wani ƙyalle a damtse, ya yarda shi ƙaramin mutum ne, kowa ya taka shi shi zai ba da haƙuri. Wanda ya yi waccan magana a cikin labarin kuwa jami'in tace irin ɗan Adam ne, kuma bai rufe baki ba sai da ya ƙara da cewa harbe-harben na da amfani domin suna rage raunana da marasa wayo. Wannan rabin ba ya hawa bayan mota. Shi dai Heinlein da gaske yake. A 1949 editarsa, Alice Dalgliesh, ta sa ya sauya wuraren da ya soki lasisin bindiga a littafinsa na yara, Red Planet, sai a 1990, shekara biyu bayan mutuwarsa, aka buga shi yadda ya rubuta.

Ita ma nas tana da nata, dattijo kuma ya iya kama ta a hannu. Tana son The Day the Earth Stood Still na 1951, inda baƙo ya sauka a Washington da saƙon zaman lafiya, wani soja ya firgita ya harbe shi, mutum-mutumin da ke tare da shi ya narkar da bindigogi da tankar yaƙi da wani haske. Tana son Star Trek, inda makamin ke da maɓallin sumarwa, a kama mutum da ransa. Dattijo ya ce ta saurari jawabin baƙon na ƙarshe da kyau. Zaman lafiyar duniyarsu ya samu ne don sun miƙa wuya ga 'yan sandan ƙarfe masu ikon ƙone duk wanda ya ta da fitina, ikon da ba mai iya karɓewa. “Ni na ga abin da gwamnati ke yi da 'ya'yan mutane in ba mai ce mata don me,” in ji shi. A nan gaskiyarsa ce. Labaran kwance ɗamara su ma sukan ɓoye wani mai iko marar son zuciya a bayan labule, su ce mu yarda da shi.

Da yake ni ne baƙo, kowa na so ya kafa ni shaida. A gida Najeriya an soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Abacha ya karɓi mulki a Nuwamban 1993, a Nuwamban 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Duk sanda Najeriya ta fito a labarai sai dattijo ya nuna ni ya ce ga ɗan ƙasar da soja kaɗai ke da bindiga. Nas ta ce ya duba Laberiya da Saliyo, inda ƙananan yara ke yawo da AK-47, ya gaya mata 'yancin da suka samu. Ni kuma na ba su tarihin da ba su sani ba. A 1890 manyan ƙasashe suka yi yarjejeniya a Brussels, da sunan yaƙi da cinikin bayi, suka hana shigar da bindigogin zamani mafi yawan Afirka, suka bar mana na toka. A 1903 sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato da bindigar Maxim. A 1906 mutanen Satiru suka tare su da fartanya da gatari, aka kashe kimanin 2,000, aka shafe garin. Don haka ba sai wani littafi ya gaya wa Bahaushe cewa mai son mallakarka yakan fara da raba ka da makami ba. Amma na gaya wa dattijo cewa ko da kowane gida a Kano na da bindiga, ba ita za ta sauke Abacha ba. Abin da na fi tsoro shi ne ranar da rikicin da muka saba yi da sanda da wuƙa zai samu harsashi.

Sai ranar 19 ga Afrilun 1995. Bam ya rusa ginin gwamnatin tarayya a birnin Oklahoma, mutum 168 suka mutu, 19 yara ne. Kwana biyun farko ana ta nuna Musulmi da yatsa, mu ɗalibai Musulmi muka rage fita. Da aka gano cewa Timothy McVeigh ne, tsohon sojan Amurka, sai ga jami'an FBI sun yi wa wata gona ƙawanya a Decker, cikin jiharmu. A motarsa an samu shafukan The Turner Diaries, ƙagaggen labari na 1978 da wani mai aƙidar fifita farar fata, William Pierce, ya rubuta da sunan aro. Labarin ya fara da gwamnati na bi gida-gida tana ƙwace bindigogi, ya kai ga tayar da bam a hedikwatar FBI da mota cike da takin zamani. McVeigh ya sha sayar da littafin a kasuwannin baje kolin bindigogi. A haɗuwarmu ta makon da ya biyo baya ɗakin ya yi tsit. Dattijo, idonsa ja, ya ce wannan shara ce, kada a haɗa ta da Heinlein. Ba wanda ya haɗa su. Sai dai wani ɗalibin lauya da ke cikinmu ya tuna mana Red Dawn na 1984, inda kwamandan sojojin mamaya ya aika a kwaso takardun da masu sayen bindiga ke cikewa a kanti, don a san gidajen da za a bi. Ya ce tsoron nan guda ne, kuma ƙarfinsa ya kai tun 1986 doka ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga.

Shekarar 1996 ta kawo abin da ya fi kowane littafi. A Maris wani ya shiga firamare a Dunblane ta Scotland ya kashe yara 16 da malamarsu, a shekara mai zuwa Birtaniya ta haramta kusan duk ƙananan bindigogi. A Afrilu wani ya kashe mutum 35 a Port Arthur ta Ostareliya, cikin kwana 12 gwamnatin John Howard da jihohi suka amince da sabon tsari, aka saye bindigogi kimanin 650,000 daga hannun jama'a aka lalata. Ba a ga sojoji na bi gida-gida a Landan ko Sydney ba, ɓarayi ma ba su ƙare ba, amma Ostareliya ta yi fiye da shekara 20 ba ta sake ganin kisa mai girman wancan ba. A wannan shekarar majalisar Amurka ta bi wata hanya daban. Wani ɗan majalisa daga Arkansas, Jay Dickey, ya shigar da sharaɗin da ya hana hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC kashe kuɗi a kan abin da zai goyi bayan taƙaita bindiga, aka kuma zare dala miliyan 2.6, daidai abin da ta kashe a binciken raunin bindiga a shekarar baya. Binciken ya durƙushe, sai a ƙarshen 2019 aka sake ware masa dala miliyan 25. Inda aka hana ƙidaya tatsuniya ce ke cike gurbi, kuma ina ganin wannan na cikin abin da ya sa masu hankali irin na ɗakinmu suka ci gaba da kafa hujja da shekarar 2032.

Da yake injiniya nake karantawa, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ko za a iya ƙera bindigar van Vogt. Fim ɗin Judge Dredd na 1995 ya nuna wadda ba ta tashi sai a hannun mai ita. A Fabrairun 2000 wani yaro ɗan shekara 6 ya tsinci bindiga a gidan da yake kwana, ya je da ita wata firamare kusa da Flint ya harbe 'yar ajinsu, ita ma shekararta 6. A wannan mako nas ba ta ce uffan ba. Dattijo ne ya yi magana, ya ce duk wanda ya bar bindigar nan a fili ya cancanci ɗauri, in kuma an ƙera mai gane hannu shi zai fara saye. Makonni kaɗan bayan haka kamfanin Smith & Wesson ya yi yarjejeniya da gwamnatin Clinton zai sa makulli a bindigoginsa, ya kuma ƙera irin wannan. Masu saye suka ƙaurace masa, har a 2001 aka sayar da shi dala miliyan 15, alhali a 1987 an saye shi sama da miliyan 112. Jihar New Jersey ta yi doka a 2002 cewa da zarar irin wannan bindiga ta shiga kasuwa, bayan 'yan shekaru ita kaɗai za a sayar a jihar. Dokar ta zama sanadin toshe ta, domin a 2014 dillalin da ya yi niyyar sayar da ita a Maryland barazanar kisa ya sha har ya janye. Kuma ko an ƙera ta, iyakarta ta gane yatsa. Ba injiniyan da zai ƙera wadda ke gane niyya.

Na dawo gida a 2000 na bar musun a can, don a lokacin ba namu ba ne. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka malalo Sahel, satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane, sai ga shi ya biyo ni har ƙofar gida. Dokarmu ta 1959 ta ce bindigogin yaƙi da fistol sai da izinin shugaban ƙasa, irin na farauta sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, na toka sai da na kwamishina. Ɗan bindigar daji bai nemi ko ɗaya ba. A 2018 Janar T. Y. Ɗanjuma ya ce wa jama'a a Jalingo su kare kansu. A 2021 Gwamna Masari ya faɗa wa Katsinawa su nemi makami. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce za ta raba fom na neman lasisi, babban hafsan tsaro ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Wani ƙanen matata da ke noma a kudancin Katsina ya zo Kano bayan an kwashe mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu. Na shiga yi masa bayanin haɗarin ajiye bindiga a gida. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Yaya, duk na ji. Amma in sun zo ƙarfe biyun dare, wa zan kira?” Bai taɓa jin sunan Heinlein ba, so yake kawai ya kwana da iyalinsa. Sai dai mun ga inda hanyar ke kaiwa. A Zamfara 'yan sa-kai sun tashi ne don kare garuruwansu, wasunsu suka koma kashe Fulani a kasuwanni ba bincike, ramuwa ta haifi ramuwa, waɗanda suka fi kuɗin sayen makami suka fi ɓarna. A fim akta ba ya kuskuren saiti, harsashinsa ba ya samun ɗan kallo, domin marubuci na tsaye a kansa. A Zurmi da Batsari babu marubuci.

Har yau ina karanta waɗannan labarai, ina kuma ba 'ya'yana. Suna nuna maka abin da al'umma ke tsoro tun kafin ta iya faɗa da bakinta. Ba'amurken da ke ɗaga van Vogt gwamnatinsa yake tsoro, mai ɗaga Star Trek maƙwabcinsa yake tsoro, kowannensu kuma da dalilinsa. Amma labari ba ya zama hujjar doka, don wanda ya rubuta shi shi ya zaɓi wanda zai mutu. Duk wanda ya kawo maka fim ko littafi a wannan magana, tambaye shi abin da marubucin ya tanada don labarin ya tafi daidai. Za ka tarar ko dai bindiga ce mai imani, ko hukuma ce marar son zuciya.

Ra'ayina dai a tsaurara. A san kowace bindiga da mai ita, a toshe hanyoyin da take shigowa, kada a watsa ta cikin jama'a da sunan kare kai. Amma doka irin wannan bashi ce a wuyan hukuma. Gwamnatin da ta ce wa manomi kada ya riƙe bindiga ta ɗauki alkawarin amsa kiransa cikin dare, da kama wanda ya sace masa ɗa, da kafa kotun da za ta hukunta shi tun mutane ba su manta ba. In ta biya wannan bashi, manomi da kansa zai fi son fartanyarsa. In ta kasa, ko wace irin doka aka rubuta mutane za su nemi bindiga, kuma alhakin abin da ya biyo baya na kan waɗanda suka karɓi amanar tsaro suka kasa riƙewa.